Ni da Kwalbar Manja a Gonar Gayya

Ba zan taɓa mantawa da ranar gayyar gonarmu ba, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Jahun. Ni dai an san ni da sanyin murya. Ko akuya zan kora daga kan shanya, sai na yi kamar ina roƙonta. To ranar nan har ƙauyen gaba sun ji muryata.

Maigidana, Baban Hadiza, ya sayo irin wake ya garwaya shi da jan maganin nan mai hana ƙwari cin shuka. Ya zuba a tsohuwar tukunya, ya ajiye a ɗakin ajiya kusa da buhun waken da muke ci. A makon ne kuma malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ja mana kunne kan irin da aka sa wa magani, ta ce ko kaza ta tsattsaga ba ta kwana. (Na riƙe wannan darasi fiye da yadda na riƙe haruffa.)

Ranar gayyar, maƙwabciyata Yaya Talatu ta zo taya ni girki. Ina fama da ɗan autana da ke zazzaɓi, sai na ce mata, "Yaya, waken na ɗakin ajiya, ɗebo ki ɗora." Ta dafa shinkafa da wake, ta ɗauka a ka ta nufi gona.

Can na shiga ɗakin neman garin kunu, sai na ga tukunyar iri a kife, babu ko ƙwaya. Innalillahi! Ban san lokacin da na suri kwalbar manja ba, don tun muna yara muke ji ana ɗura wa wanda ya ci guba. Babu mayafi, takalmi ƙafa ɗaya, na ratsa gari ina ihu, "Kada ku ci! Kada ku ci!"

Na tarar da 'yan gayya gindin tsamiya suna suɗe hannu. A tsakiyarsu ga surukina, Baba, dattijon da tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba. Shi na fara cafka. Na tallafo ƙeyarsa na ce, "Baba buɗe baki! Waken iri kuka ci!" Na ɗura masa, manja na bin gemunsa har kan riga. Wuri ya rikice. Wani ya riƙe ciki yana cewa dama tun ɗazu yake jin jiri, wani ya fara kalmar shahada.

Sai ga Baban Hadiza daga ƙarshen gona da fartanya a kafaɗa. Ya saurare ni ina haki, ya ce, "Wane irin? Wanda na shuka jiya da yamma tsakanin geron nan? Ɗaga ƙafarki, a kansa kike tsaye."

Yaya Talatu ta riƙe haɓa. "Haba Maman Hadiza! Ni da na yi furfura a gindin murhu, zan dafa jan wake mai wari ban sani ba? A buhu na ɗebo."

Na zauna daɓas a kan kunyar gona ina kuka ina hamdala. (Mai jin jirin nan shi ya fi kowa dariya.) Sai a lokacin na tuna kaina a buɗe yake, kuma hannuna ne ya riƙe ƙeyar surukina.

Baba ya goge gemu da bakin riga, ya ce a hankali, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Amma da kin kawo manjan da wuri, da a shinkafar muka zuba, don ta ɗan yi ƙarancin mai."

Har yau idan za a yi gayya sai an aiko tambaya ko zan zo da kwalbata. Ni kuwa na koyi cewa kafin na ruga ceton rai, in fara leƙa buhu, in kuma ɗauki mayafi.