Yadda Aka Wanke Injiniya Maharazu

Duk wanda ya ce Daura ba ta da masana, to bai bi ta layin bayan tasha ya ga shagon Injiniya Maharazu ba. Allah ya yi mutum a nan. Tun daga allon ƙofa za ka san ka zo gaban manya: sunansa da jan fenti, a ƙarƙashi muƙamai huɗu, kuma duk huɗun shi ya naɗa kansa, don ya duba gabas da yamma bai ga wanda ya isa ya naɗa shi ba. Injiniyancin ma a kwas na mako uku ya samo shi a Kaduna. Abin da wasu ke shekara biyar suna nema a jami'a, shi kafin wata ya cika ya gama da shi, ya dawo gida da tabarau da jakar ratayawa. 'Yan acaɓan bakin tasha suna kiransa Sarkin Yanar Gizo, shi kuma yana amsawa da ɗaga gira, bai taɓa lura da dariyar da suke ƙunshewa ba.

Sana'arsa ita ce mayar da rubutu shafin intanet. Ka kawo masa takarda, sanarwar ɗaurin aure ce ko ta saukar karatu, sai ya ɗaga ta sama kamar likita na duba hoton ƙashi, ya girgiza kai, ya ce ka dawo bayan kwana uku.

"Ku a ganinku rubutu rubutu ne kawai," haka yake gaya wa masu jira a kan benci. "Shafi yana da nasa harshen. Kowane layi sai an yi masa riga da wando na alamomi kafin na'ura ta yarda ta nuna shi. Ni nake ɗinka su ɗaya bayan ɗaya, da hannuna. Daga nan har Zango babu mai iya wannan aiki, Dutsi kuwa ba a ma magana."

Abin da bai faɗa wa kowa ba, kuma ya ɓoye shi fiye da yadda ake ɓoye ciwon kunya, shi ne akwai wani ƙunshin umarni a kwamfutarsa, irin wanda masu shirya manhaja ke kira laburare. Kyauta ake sauke shi, a Kadunan aka nuna masa. Ka buga rubutunka yadda kowa ke bugawa, ka sa 'yar alama a gaban kanun magana, ka sa taurari a gefen kalmar da kake so ta yi kauri, ka danna sau ɗaya. Kafin ka ɗauke yatsa laburaren ya ɗinka rigar da wandon, shafi ya fito tsaf. Sauran kwana biyu da awa ashirin da uku da 'yan mintoci, Injiniya na kashe su ne wajen shan shayi da bayanin wahalar aikin.

Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a, makarantun Islamiyya na wasu unguwanni da ƙauyuka suka haɗa kwamiti suna shirya musabaƙar Alƙur'ani duk shekara. Ranar raba kyaututtuka akan karanta sunayen waɗanda suka taimaka a lasifika, gari na ji. An kira mai kawo tabarmi. An kira mai ruwan leda. Shekara bayan shekara Maharazu na tsaye a bayan rumfa da jakarsa, ba a taɓa kiran sunansa ba. Wannan abu ya tsaya masa a rai ƙwarai, har yakan hana shi jin daɗin abinci. Ya yi wa kansa alkawari sai Daura ta ji sunansa a bakin lasifika.

A bana dama ta zo. Malam Kabo, dattijon da ke shugabantar kwamitin, ya ce a sa sakamakon 'yan mata a shafi tun ranar Alhamis, don iyayen da ke nesa su gani a waya su shirya zuwa taron Asabar. Malama Shatu, wadda ke haɗa makin alƙalai, ita ta kawo takardar. Sunaye biyar ne. Ta ɗaya Amatullah Harisu, 'yar wani makiyayi daga wajen Zango. Ta biyar Zinariya, 'yar Alhaji Sada dillalin shanu, wanda rumfar taron ma tasa ce.

Injiniya ya duba takardar, ya ji tausayin mutanen da ba su san tsari ba. A ina aka taɓa ganin haka? Ko a katin biki, sunan babba ne ke sama. Ta yaya za a buɗe shafi a ga sunan Alhaji Sada a can ƙasa, ƙarƙashin na mutumin da ke zuwa gari da sanda a kafaɗa? Nan take hikima ta sauko masa. Ya jera yaran bisa girman iyayensu, amma ya bar wa kowacce lambarta ta gaskiya a gaban sunanta. Ya fara da lamba biyar, Zinariya. Sai uku, sai huɗu, sai biyu. Ya rufe da lamba ɗaya, Amatullah. Girma yana nan, gaskiya tana nan, kowa ya samu nasa. Shi kansa sai da ya jinjina wa kansa.

Sai dai laburaren bai san Alhaji Sada ba. Ɗabi'arsa ita ce in ya ga layuka sun fara da lambobi, ya ɗauka jeri ne, ya watsar da lambobin da aka rubuta, ya ƙirga nasa daga sama: ɗaya, biyu, uku. Haka yake yi tun ranar da aka yi shi, kuma an rubuta hakan a bayanin da ke tare da shi, wanda Injiniya bai taɓa ƙasƙantar da kansa ya karanta ba. Ya danna, shafi ya hau. Ya duba kuwa, kada a ce bai duba ba. Ya gangara can ƙasa ya tabbatar sunansa ya fito da kauri, ya rufe kwamfuta.

Kafin sallar Juma'a an yanka rago a gidan Alhaji Sada. Kafin la'asar Harisu ya iso daga Zango a bayan babur, ransa a ɓace, don ƙaninsa ya bugo daga Legas ya ce ya ga 'yarsu ce ta ƙarshe, yarinya kuma tun safe take kuka ta ƙi cin komai. Malama Shatu da ta ga shafin a wayarta sai da ta yi salati, ta ja mayafi ta nufi gidan Malam Kabo da ainihin takardar.

Aka aika a kira Injiniya. Ya zo zauren da sabuwar shadda, a zatonsa godiya za a yi.

"Maharazu," in ji Malam Kabo, ya miƙa masa wayar da takardar tare, "kai ka gaya mini da bakinka babu harafin da ke hawa shafin nan sai da hannunka. Haka ne?"

"Ƙwarai kuwa, Allah ya gafarta Malam. Ko ɗigo."

"To duba mini wannan."

Ya duba. Ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ɗaya, Zinariya. Biyar, Amatullah. Gumi ya karyo masa ta ƙarƙashin hula.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Harisu, wanda shi ma ke zaune a zauren, "ni ban san kwamfuta ba. Amma yarinyar nan shekara uku tana tashi da asuba tana tilawa kafin ta fita tatsa. In sayar da matsayinta aka yi, a karatun Alƙur'ani, to ni gaban alƙali zan kai maganar."

Nan fa Sarkin Yanar Gizo ya ga hanya biyu, kowacce da ƙaya. In ya tsaya a kan cewa hannunsa ne, to ya yi ha'inci a musabaƙar Littafin Allah, kuma a Daura ba a wanke wannan da sabulu. In kuwa ya ce ba hannunsa ba ne, sai a tambaye shi hannun wa. Ya kalli ƙofa, Malama Shatu na zaune a bakinta. A ƙarshe tsoron alƙali ya rinjayi son girma. Ya buɗe jaka, ya fito da kwamfuta, ya nuna musu abin da ya buga da lambobinsa na gaskiya, ya danna sau ɗaya. Shafi ya fito, lambobi sun juye.

"Wato na'urar ce ke yi?" in ji Malam Kabo.

"Ita ke yi," in ji Injiniya, da wata 'yar murya da ba a san shi da ita ba.

"Malam, a miƙo mini in gwada," in ji Malama Shatu. Ta buga sunayen biyar yadda alƙalai suka jera su, da yatsa ɗaya, tana neman haruffa. Ta tambayi inda ake dannawa, aka nuna mata. Amatullah ta koma sama. Harisu ya share ido da bakin rawaninsa. Malam Kabo ya daɗe yana kallon Maharazu, kuma abin da ya fi ciwo, kallon tausayi ne.

"Kada ka damu, ɗana," ya ce. "An zarge ka a gari, haƙƙinka ne a wanke ka a gari. Ba za mu bar ka da wannan tabo ba."

Ranar Asabar fili ya cika. Alhaji Sada na gaba ya sha kunu, ragonsa ya riga ya tafi. Bayan an ba Amatullah kyautarta, mai gabatarwa ya gyara lasifika, ya ce akwai sanarwa ta musamman daga kwamiti game da Injiniya Maharazu. Ga suna nan ya fito, sarai, har bayan tasha ana ji. Maharazu ya gyara tsayuwa.

"Jama'a, kwamiti ya yi bincike," in ji lasifika. "An tabbatar bawan Allah nan bai yi ha'inci ba. Na'ura ce ke yin aikin gaba ɗaya, shi dannawa kawai yake yi, kuma Malam Kabo ya shaida da idonsa cewa bai san yadda take yi ba. Don haka kowa ya cire zargi a ransa."

Fili ya ɗauka da "Alhamdu lillahi." Mai gabatarwa, don kada na baya su ce ba su ji ba, ya sake karantawa.