Yadda Za Ka Gyara Kwamfutar Surukinka Ba Tare Da Ka San Komai Ba

Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka tabbaci za ka shiga gidan surukinka da sunan masani, ka fito da sunan masani, ko da kuwa ba ka san ramin da ake soka wayar lasifika ba. Ba a taɓa dawo mini da ƙorafi ba. Waɗanda abin bai yi musu ba ko kunna kwamfutar ba sa iya yi, balle su rubuto.

Za mu yi koyi da wani gwanin ɗalibina da ake kira Injiniya. Sana'arsa ɗaukar hoton fasfo a wani shago ƙarƙashin bene, sunan kuwa ya samo shi ne ranar da ya sauya tawadar firinta bai ɓata riga ba. Shi ya sa wa tsohuwar kwamfutar surukinsa Linux, manhajar nan ta kyauta mai hoton tsuntsu da farin ƙirji, yana cika baki cewa ba ta lalacewa. Surukin, hedimasta ne mai ritaya, abu ɗaya yake yi da ita: kullum da safe ya kunna wani saƙon murya da marigayiya matarsa ta bari. Wayar da aka ɗauke shi da ita ta daɗe da ɓata, nan kaɗai ya rage. Sai ga shi manhaja ta sabunta kanta, sauti ya ɗauke ɗif. Matar Injiniya ta ce masa, "Kai ka ɗebo da zafi. Baba ko karin kumallo ya daina yi, ka je ka dawo masa da muryar Mama."

Mataki na 1: Ka fara da tsaki

Kada ka taɓa komai tukuna. Bayan gaisuwa, tsaya a bayan kujera, riƙe haɓa, ka ja tsaki mai tsawo. Tsaki rabin gyara ne. Sannan ka tambaya, "Wa ya taɓa ta?" Ko ba wanda ya taɓa, yanzu laifi ya bar kanka ya shiga yawo a cikin gida.

Injiniya ya yi hakan daidai. Baba ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Kai ne dai ka taɓa ta, Injiniya." Irin wannan amsa takan faru. Ka yi kamar tari ya sarƙe ka.

Mataki na 2: Kashe, kunna

Kashe ta ka kunna. In bai yi ba, kashe ta da fushi. Na'ura tana gane hannun da ya kashe ta.

Mataki na 3: Murɗa duk abin da ke murɗuwa

Ƙure ƙarar lasifika. Ƙure ta cikin allo. In ka ga wani maɓalli da ba ka san aikinsa ba, tura shi sama, ai ba a banza aka yi shi ba. Kada ka mayar da ko ɗaya inda ka same shi, don komawa baya ba halin masana ba ne. Injiniya har fankar ɗakin ya ƙure, saboda a lokacin gumi ya fara tsattsafo masa.

Mataki na 4: Buɗe baƙin allo

Nan ne martabarka take. Linux tana da wani baƙin allo da ake rubuta mata umarni, kuma duk wanda aka gani a gabansa, ko shirme yake bugawa, ana ɗauka da manyan duniya yake magana. Shiga intanet a wayarka ta ƙarƙashin tebur, nemo wanda ya taɓa shiga irin halinka. Za ka tarar da wani bawan Allah da ya yi tambayarka sak shekaru da suka wuce, ya dawo ya rubuta, "Na gyara, na gode," bai faɗi yadda ya yi ba. Ka yafe masa, in za ka iya. Ni ban iya ba.

Can ƙasa Injiniya ya samu umarni mai farawa da kalmar sudo. Baba ya ce, "Su wa?"

"Sudo, Baba. Kamar a ce don girman mai gida."

"To, ashe tana da ladabi."

Ladabinta ke nan ta tsaya cak, ta ce sai an ba ta kalmar sirri.

Mataki na 5: Ɗora wa kibod laifi

Kalmar sirrin nan Mama ce ta zaɓe ta ranar da aka sa manhajar. Da yatsa ɗaya ta buga ta, tana dariya har da share hawaye, ta hana kowa leƙawa sai mijinta. Tun daga ranar kwamfutar da kanta take buɗewa, ba a sake neman kalmar ba.

"Baba, ka san ta?"

"Na san ta," in ji Baba, fuska a murtuke.

Injiniya ya juya baya saboda kunya, Baba ya gyara tabarau ya danna. Allo bai nuna komai ba, ko ɗigo. Ya sake bugawa a kan ta farko, shiru. Ya ƙara ta uku da ƙarfi kamar mai buga hatimi. Da aka danna babban maɓalli, na'ura ta ce cikin Turanci a yi haƙuri a sake gwadawa.

Wasu za su ce maka haka Linux take, da gangan take ɓoye kalmar sirri, tana ji amma ba ta nunawa. Kada ka san wannan. Sani yana rage kwarjini. Ka yi yadda Injiniya ya yi: ya ɗaga kibod ya girgiza, ɓarɓashin biskit ya zubo, ya ce, "Ta mutu, Baba." Ya je ya aro ta maƙwabci, ita ma ta mutu. Ya ɗauko ta shagonsa, ita ma haka. Ya bayyana wa Baba cewa annoba ce take bin kibod a bana.

Mataki na 6: In ta ƙi, yi barazanar gogewa

Wannan shi ne makamin ƙarshe na kowane masani: a goge komai a sa sabuwa. Kwafe abu a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, kafin gogewa aikin matsorata ne, kuma Injiniya, Allah Ya sani, ko tunawa da shi bai yi ba. Gaba surukinsa, baya matarsa, shi kuwa ya ƙarar da tsakinsa kaf.

"Baba, sai dai a goge."

"A goge me?"

"Komai."

"Har muryar?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin ya lura da kwalbar maganin Baba a gefen lasifika, cike take, murfinta har ya yi ƙura.

Baba ya tashi ya rufe ƙofa, ya leƙa taga, ya dawo ya zauna. Mutumin da ɗalibai ke tsayawa ƙyam in sun hango takalminsa, sai ga shi yana murza hannuwa.

"Wataƙila hannuna ne ba ta so. Kai ka buga. Amma in na ji ta a waje, Injiniya, ni da kai ne."

"Ba za a ji ba, Baba."

Baba ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Sarkinminshari. A haɗe, duk ƙananan baƙi."

Mataki na 7: Kada ka yi dariya

Ciji leɓe. Tuna wani abin baƙin ciki. Injiniya ya tuna hayar shagonsa, ya buga kalmar sau ɗaya, don kawai ya nuna wa Baba cewa kibod ba ta rubutu. Allo bai nuna komai ba. Ya ce, "Ka gani ko?" ya doki babban maɓallin da haushi.

Sai rubutu ya ɓalle a baƙin allo yana gudu sama. In haka ta same ka, kada ka nuna mamaki. Gyaɗa kai ka ce, "Yauwa, abin da nake jira ke nan." Da rubutun ya tsaya, Injiniya ya kashe ya kunna, ya matsa wa Baba linzamin kwamfutar, Baba ya danna saƙon.

Ka tuna mataki na uku? Ba a mayar da komai ba. Muryar Mama ta fashe a ɗakin har gilashin taga ya amsa, ta ratsa ƙofar da aka rufe ta fita titi: "Sarkin minshari, ka sha maganinka? Kar ka ce mini ka sha, ina ganin kwalbar daga nan."

Mai wankin mota a ƙofar gida ya tsaya da soso a hannu. Maƙwabcin da aka ari kibod ɗinsa ya leƙo ta katanga. Injiniya ya zabura zai rage ƙara, Baba ya riƙe masa hannu.

"Bar ta haka. Da ma haka take faɗa."

Ya jawo kwalbar, ya goge murfin da bakin rigarsa, ya ce wa lasifika, "To, ga shi zan sha." Sannan ya dubi surukinsa, idanu jajur. "Ka iya aiki, Injiniya. Miƙo mini ruwa."

Hattara

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya: kibod ɗin da aka yi wa ƙazafin mutuwa, fayil ɗin da ka goge, ko sunan da unguwa ta ji ta riƙe. In kwamfuta ta gyaru, aikina ne. In ta lalace, da ma kyauta aka ba ka. In kuma ka shiga mota ka kasa tayar da ita saboda idonka ya cika da ruwa, kamar yadda ya faru da Injiniya, wannan ba matsalar manhaja ba ce, kada ka neme ni.