Maganin Mantuwar da Ya Wuce Gona da Iri

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren Auwalu ba, ni da nake manta inda na ajiye hular da ke kaina. Duk Gumel an san ni da mantuwa. Na taɓa zuwa masallaci a kan babur, na dawo a ƙafa, na iske 'ya'yana na hau su da faɗa wa ya fita da babur ɗina.

Auwalu ɗan yayana ne, mahaifinsa ya rasu, don haka ni ne wakilin ango. Aikina jimla ɗaya ce a gaban jama'a: in ce ina nema wa ɗana auren Bilkisu. Amma tsoro ya hana ni sakat, kada sunan ya gudu a lokacin da ake bukatarsa, in kunyata maraya.

Ranar Alhamis na nufi kasuwar Maigatari da ke bakin iyaka, wurin wani mai magani mutumin Damagaram. Ya haɗa mini garin habbatus sauda da citta da luban, ya ce in kwaɓa da zuma in zuba a kunu kowace safiya. "Alhaji, in ka sha wannan, ko abin da aka dafa ranar sunanka sai ka tuna." Matata Hajiya ce ke dama mini, da hannunta (Allah ya saka mata, ba ta san abin da take shayarwa ba).

Ranar ɗaurin aure aka tafi garin Sule Tankarkar, inda gidan su amarya yake. Muna shiga unguwar na ji ƙwaƙwalwa ta buɗe tar. Ga durumin da nake tsayawa zance ina saurayi, ga zauren su Rabi, yarinyar da na yi wa sintiri da keken aro har Alhaji Sule ya kasa ni ya aure ta. Rabin nan ita ce uwar amarya. Na ce a raina lallai magani ya karɓe ni.

Aka shimfiɗa tabarmi, ga waliyyin amarya, ga Alhaji Sule a gefensa, ga lasifika da aka juya wajen gida don mata su ji. Liman ya ce, "Wakilin ango, bismilla."

Na gyara babbar riga, na yi gyaran murya, na ce da ƙarfi, "Ina neman auren Rabi."

Ko Auwalu ban ambata ba.

Daga cikin gida aka ji wata tsohuwa ta rafka salati. Alhaji Sule ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, ai wannan tun tuni aka rufe maganarta. Sai dai ka jira in mutu." Dariya ta ɓarke har liman sai da ya rufe baki da rawani. Wallahi na so ƙasa ta tsage. Auren dai ya ɗauru, bayan liman ya riƙa faɗa mini sunayen ina maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya.

Labari ya riga ni isa gida. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye mini tuwo ta ce, "Sannu da zuwa, angon Rabi. Ni sunana ka tuna shi kuwa, ko in ƙaro zuma?"

Tun ranar na daina neman magani. Ashe wata mantuwar sutura ce Allah ya yi wa bawansa, ni kuwa na je har bakin iyaka na sayo abin da zai yaye ta.