Bakin da Nas Take Nufi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kunyata kaina a ƙaramin asibitin unguwarmu a Orozo ba. Ko na so mantawa, matan layinmu ba za su bari ba.

Ni matsoraciya ce, gara in faɗa tun yanzu. Tun da sankarar mahaifa ta ɗauke Yaya Hadiza, wadda nake bi, ko sunan ciwon ba na son ji. Ni na yi jinyarta a asibitin Gwagwalada. Na ga jinin da ta riƙa zubarwa, na ga mace mai jiki ta ƙare a tsaye. Likita ya ce ni ma in je a duba ni, na ce to, shekaru suka wuce ban je ba. Ga kunyar buɗe jiki a gaban baƙo, ga kuma babban tsoron, wato a duba a ce akwai, alhali autata Amira ko firamare ba ta shiga ba.

Maƙwabciyata Maman Blessing, mai sayar da tumatir, ita ta zo da labarin sabon gwaji. "Maman Amira, ka tashi mu je," in ji ta. "Ba wanda zai gan ka. Kai da kanka za ka yi." (Hausar Maman Blessing ba ta san mace ba, kowa namiji ne a wurinta.) Na kawo uzuri iri-iri, ta tsaya a bakin ƙofata har na ɗauko mayafi.

Muka tarar da mata cike da baranda. Da yake sakatariya ce ni a wata ma'aikatar gwamnati, matan unguwa kallon masaniya suke yi mini, ni kuma ban taɓa musa musu ba. Na samu benci na can baya na zauna ina ɗaure fuska. Ƙishirwa ta kama ni, na sayi zobo a wurin wata mata a bakin get na shanye, na ƙara wani.

Nas ta fito da wani dogon tsinke mai auduga a kai da 'yar kwalba. Ta ce ƙwayar cuta ake nema, HPV, wadda kan jawo sankarar in an bar ta. Sai dai akwai maza biyu a gefe da suka kawo yara riga-kafi, don haka duk inda bayani ya zo wurin da ya kamata a ɗaga murya, sai ta sassauta. "Gwajin na bakin..." ta ce, ragowar ta haɗiye. Daidai nan aka tayar da janareto. Abin da ya iso kunnena kalma uku ne: baki, ciki, juya.

"Akwai mai tambaya?" in ji nas. Wa zai ga sakatariya guda ta ɗaga hannu? Maman Blessing ta taɓo ni ta ce, "Ka gane?" Na ce, "Haba, abu mai sauƙi." Ai na ga irin tsinken nan lokacin korona.

Ni aka fara ba wa. Na shiga bayan labule, na yi bisimilla, na wangale baki na tura tsinken har maƙogwaro. Na juya, na ƙara juyawa, sai da amai ya taso mini. (Har mamaki nake yi a raina: lallai ilimi ya ci gaba, daga maƙogwaro ana hango mahaifa.) Na mayar da shi kwalba na fito ina share hawaye.

Nas ta ɗaga kwalbar, fuskarta ta canja. Audugar ta yi jajir.

"Madam, kana al'ada ne?" (Ita ma Hausarta irin ta Maman Blessing ce.)

"A'a."

"Ka saba ganin jini haka?"

Jini. Nan take na ga gadon Yaya Hadiza da zannuwan da na riƙa wankewa. Na zube a kan benci ina innalillahi. Na damƙi hannun Maman Blessing na ce ga amanar Amira nan, kada ta bari a kai ta ƙauye. Na fashe da kuka sosai, baki buɗe, a gaban matan da suke kawo mini takardun makarantar 'ya'yansu in karanta musu.

Buɗe bakin nan shi ya tona ni. Nas ta sunkuyo ta ƙura wa harshena ido.

"Madam, tsaya. Ina ka sa wannan abu?"

"A baki mana. Ba baki kika ce ba?"

Sai wata tsohuwa da ke gaba ta juyo a hankali ta dube ni, ta ce, "'Yar nan, su yaran naki ta maƙogwaro kika haifo su?"

Dariyar da aka yi, har masu riga-kafi sai da suka leƙo. Maman Blessing ta saki hannuna ta riƙe ciki. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, ga majina, ga harshen da zobo ya rina ja, ga wasiyyar da na riga na bayar.

Nas ta roƙi mazan su ɗan ba mu wuri, ta sake bayani da Hausa tsirara, ta kira kowace gaɓa da sunanta. Bakin mahaifa take nufi, kuma ta gaba ake saka tsinken. Sai ga wasu mata suna cewa su ma da a baki za su saka, tunda sun ga Maman Amira ta fito tana tari. Aka ba ni sabon tsinke na koma bayan labule. Ko zafi babu, na maƙogwaro ya fi shi wuya nesa ba kusa ba.

Da sakamako ya fito aka kira ni a waya. Akwai ƙwayar. Nas ta yi ta nanata mini cewa ba sankara ba ce, amma sai an duba. Na je na kwanta a gaban likita, abin da na shafe shekaru ina gudu. Ya ga wani ɗan wuri da ya fara canjawa, aka yi maganinsa a ranar, ya ce an tare shi da wuri.

Har yau abin da ke sa gabana faɗuwa shi ne maganar da nas ta yi mini daga baya. Da audugar ta fito fara, da ta karɓa ba tambaya, kuma mai yiwuwa a ce ba a ga komai ba, in koma gida ina murna da abin a jikina.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yanzu in ban ji magana ba, hannu nake ɗagawa ko a gaban wa, in ce a maimaita. Gara a yi mini dariya ina zaune a benci da a yi mini kuka ina kwance.