Alhaji Hudu Ya Tafi Farautar Chill

Jama'a, kwana goma ke nan tuwo ba ya wuce mini. Ɗana Kamal da ke karatu a Villeurbanne, gefen birnin Lyon na Faransa, ya tsinci wata kalmar Ingilishi wurin abokansa 'yan Najeriya, wai chill. Me kake yi? Chill. Yaya malaminku? Chill ne. In na ɗaga murya, "Inna, chill." Raina ya ba ni wani abu ne ake zuƙa.

Na kai kuka wurin yayana Alhaji Hudu, mai shagon atamfa a unguwar Château Rouge nan Paris, sarkin sani.

"Raliatou, shekara bakwai ina saro kaya a Legas. Ingilishi a aljihuna yake kwana."

"To Yaya, me take nufi?"

"Ba a faɗa wa mata. Sai na je da kaina."

Ya hau jirgin ƙasa sai Lyon. Tambaya ɗaya ta isa, amma wai mai gemu ba ya tambayar ɗan ƙanwarsa. Kamal na fita aji, gogan naku ya birkice ɗaki, ya ci karo da ƙullin koren gari. Ya shinshina, ya yi salati, ya juye a masai, ya kira ni.

"Na kama shi. Kilo guda!"

"A leda shuɗiya? Yaya, kukar da na aika masa ce."

Sai ya ce wai layi ba kyau.

Washegari ya ji Kamal na ce wa abokai su je su yi chill. Ya bi su a ɓoye, da babbar riga da tumbi, har bakin kogi, ya laɓe bayan iccen da bai kai cinyarsa kauri ba. Yara suka baje kan ciyawa. Ba sigari, ba kwalba, hira kawai da gyaɗa. Awa ɗaya, awa biyu, gwiwa ta ƙi. Ya ce bari ya ɗan zauna.

La'asar sai ga hoto a wayata: Alhaji shame-shame, hula kan fuska, baki buɗe, tattabaru na kiwo a gefensa. Kamal ya rubuta: "Inna, ga chill ɗin. Kawu ya fi mu iyawa."

Yanzu yana shago yana ba da labarin yadda ya tarwatsa gungun 'yan ƙwaya shi kaɗai. Jiya su bakwai ne, yau sun kai goma sha biyu, kuma har daga gida Zinder an fara kirana ana yi mini jajen Kamal.

Hoton na hannuna. In tura wa dangi in wanke ɗana, ko in rufa wa yayana asiri?