Askar Hedimasta 'Yar Jamus

Akwai wani tsohon hedimasta a Funtuwa, Malam Hashimu, mutum ne da bai taɓa yarda akwai abin da karatu ba zai koya wa ɗan'adam ba. Shekara ashirin da uku wanzami ɗaya ke yi masa aski da gyaran fuska, wani dattijo Baba Jatau, mai shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar masallaci. Da Hedimasta ya yi ritaya, lokaci ya yi masa yawa, sai ya faɗa kallon Turawa a waya suna aske gemunsu da aska irin ta dā. Ya kalli bidiyo ya fi arba'in. Daga nan ya sa surukinsa ya taho masa da aska daga Jamus, mai mariƙin ƙaho, tana naɗewa cikin mariƙin, ga buroshi, ga sabulu a gwangwani, ga doguwar fatar wasa ta.

Ran da ta iso bai tsaya gida ba, ya nufi gindin darbejiya.

"Wanzam, zo ka ga aska. Taka fa me aka ƙera ta da shi?"

"Sifirin mota," in ji Baba Jatau.

"To ka ji! Wannan sai da masana suka zauna a kanta. Kuma ba a riƙe ta da ka, kusurwa gare ta, digiri talatin. Kai digiri nawa kake riƙe taka?"

"Ban taɓa tambayarta ba, Hedimasta."

Mutanen da ke jiran layi suka yi dariya. Baba Jatau ya karɓi askar, ya ɗaga ta a rana, ya ja ƙafar wandonsa ya ɗora ta a ƙwaurinsa. Gashi ya zube ba ko ƙara. Ya hure bakinta, ya naɗe, ya miƙa da hannu biyu.

"Aska ce ta gaske. Allah ya sanya alheri."

"Amin. Daga yau na hutar da kai," in ji Hedimasta.

Bai gwada ta nan da nan ba. Ya ajiye ta sai babbar rana, Asabar ɗin da zai karɓa wa ɗan ƙanensa aure, ƙarfe goma sha ɗaya, a gidan mutanen da tun farko suke ganin dangin ango ba su kai su ba. Shi ne waliyyi, shi zai zauna a sahun gaba, kuma ya ƙudurta cewa ko fuskarsa kaɗai suka kalla za su san sun haɗu da gidan wayewa.

Ƙarfe takwas ya jingina madubi a bakin rijiya. Ya kaɗa kumfa, ya shafa, ya auna digiri talatin da ido. Jan farko ya tafi sumul, har ya yi murmushi. Murmushin ne ya motsa kumatu, askar ta shiga. Ya danna auduga, ya koma ta ƙasan haɓa, inda ya gano cewa hannun da ke cikin madubi ba ya bin umarni: ka ce masa dama, ya yi hagu. Kafin tara da rabi ɓangare ɗaya na fuskar ya fita, ɗayan yana nan da gashinsa, auduga bakwai a manne, ta takwas a gefen kunne. Matarsa Hajiya ta leƙo daga kicin, ta dube shi, ta koma kan girkinta. Wannan ya fi yi masa ciwo.

Ya zauna a kan turmi yana tunani. Askar ba ta da laifi, masana suka yi ta. Shi ma ba shi da laifi, ya bi ƙa'ida. Sai ya tuna hurewar nan da Baba Jatau ya yi wa bakinta. Tun yana yaro yake jin cewa wanzamai suna ɗaure wa wanda ya shiga sana'arsu aska, kuma shekara talatin yana gaya wa ɗalibai cewa camfi ne. A safiyar nan, da jini a wuyan singiletinsa, ya ga maganar tana da abin dubawa.

Ya yafa tawul a ka, ya bi ta lungu.

Baba Jatau yana wasa aska a tafin hannu. Ya ɗaga tawul ɗin, ya daɗe yana kallo.

"Sannu, Hedimasta. Su nawa ne suka tare ka?"

"Bar wasa, Wanzam. Saura awa ɗaya da 'yan mintuna. Ka rufa mini asiri."

Wanda ke kan layi ya matsa da kansa. Baba Jatau ya zaunar da Hedimasta a tabarma, ya tsoma yatsu a 'yar ƙwaryar ruwa, ya murza gashin da ya rage, ya kama haɓar ya juya ta yadda yake so. Askar sifirin mota ta bi tsakanin raunukan ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa ko guda ba. Hedimasta ya so ya duba digirin, amma an riƙe masa kai.

Da aka gama ya shafa fuskarsa, ya ji ta koma ta mutane. Sai ya matso, ya zaro askar Jamus daga aljihu, ya rage murya, ko da yake duk wanda ke gindin bishiyar yana ji.

"Wanzam, tsakaninmu. Na san na yi maka magana ba daɗi ran nan. Na ga lokacin da ka hure ta. Don Allah ka kwance mini askata."

Baba Jatau ya goge tasa a gwiwa, ya mayar cikin zabira.

"Hedimasta, askar da muka ɗaure ko gashi ba ta ci. Taka a sake take. Miƙo in ɗaure maka ita, tun kunnuwanka suna biyu."