Nomau a Rumfar 'Yan Langa

A Unguwar Kanya, a gidan da ke bayan tsohuwar rijiya, akwai wani mutum wai shi Nomau. Yana zaune da matarsa Laure da wansa Kallamu, wanda ciwon gwiwa ya rage wa ƙarfi. Nomau ba shi da mugunta ko kaɗan. Abinsa ɗaya ne: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi.

Kallamu shi ne shugaban ƙungiyar langa ta garin, wasan nan da ake riƙe ƙafa ɗaya ta baya, ana tsalle ana ture juna. Aikin sa-kai ne, ba mai biyansa. A da, in an gama girbi, dandali ba ya ɗaukar 'yan kallo. Yanzu kuwa awaki ne ke hutawa a wurin. Ana haka sai ga saƙo daga birni: za a yi taron 'yan sa-kai na ƙungiyoyin wasannin gargajiya, kowace ƙungiya ta kafa rumfa ta baje kolinta. Wadda aka ga ba ta da sauran rai, za a haɗe ta da maƙwabciyarta. Maƙwabtan kuwa su ne 'yan Gidan Tsamiya, waɗanda tun zamanin kakanni ake kai juna ƙasa da su. Kallamu ya ce gara a binne shi da a kira shi ɗan ƙungiyarsu. Sai dai ba shi da mataimaki sai Nomau.

Wata rana Kallamu ya ciro kofin da suka ci tun yana saurayi, ya miƙa wa ƙanensa.

"Ungo, ka goge shi tas. Kada ka bar komai a jikinsa."

Nomau ya ɗebi toka da yashi ya nufi rafi, bai dawo ba sai la'asar. Kofi ya fito fari fat kamar sabon kwanon sha. Ruwan zinariyar ya tafi, rubutun ma ya bi shi.

"Nomau, ina sunan ƙungiyarmu?"

"Ai shi ya fi ba ni wahala, Yaya. Sai da na sa dutse."

Kallamu ya daɗe yana shafa wurin da sunan yake.

Wata rana, bayan sun isa filin taro sun kafa rumfa, Kallamu ya ba shi ƙyallen da aka rubuta sunan garinsu, ya ce ya ɗaura shi inda kowa da kowa zai gani. Nomau ya zagaya filin yana nazari. Ya lura ba kowa ke zuwa wajen 'yan dambe ba, ba kowa ke zuwa wajen 'yan kokawa ba, amma akwai wurin da babba da yaro ba mai tsallakewa. Sai ya ɗaura ƙyallen a ƙofar banɗaki. Kafin azahar mutane sun fara zuwa rumfarsu. Kallamu ya gyara hula yana murna.

Na farko ya ce, "Ku ne 'yan Unguwar Kanya? To, ba ruwa a butocinku."

Daga rumfar 'yan Gidan Tsamiya wani ya ɗaga murya: "Kallamu, ashe kun canza sana'a? Allah ya sa albarka!"

Wata rana Laure ta aiko musu da ƙullin ƙuli-ƙuli don baƙi. Kallamu zai tafi salla, ya ja wa Nomau kunne: "Kada ka ba kowa sai wanda ya yi tambaya a kan langa." Nomau ya zauna, ba wanda ya zo. Can sai wata tambaya ta faɗo masa: wai shin wa ya fara langa? Ya duba, ya ga tambaya ce sosai, kuma a kan langa take. Ya ɗauki ɗaya ya ci. Da Kallamu ya dawo, sai ƙyallen ƙullin kawai ya tarar.

"Mutane sun zo da yawa ke nan?"

"A'a, Yaya, ni kaɗai ne. Amma ban taɓa sanin ina da tambayoyi haka ba."

Wata rana, ranar da za a rufe taro, aka ce shugaban kwamiti, Alhaji Barmo, zai zagaya rumfuna ya yanke hukunci. Kallamu ya dubi teburinsu, ba komai sai kofi marar suna. Zuciyarsa ta karye. Ya koma bayan rumfa don kada a ga idonsa, ya ce wa Nomau, "Duk wanda ya zo, kada ka bari ya wuce sai ka nuna masa yadda ake langa."

Sai ga Alhaji Barmo, ƙaton mutum cikin babbar riga, 'yan kwamiti na biye. Ya leƙa rumfar, ya taɓe baki, ya juya zai wuce. Nomau ya kama tasa ƙafar ta baya, ya yi tsalle, ya sa wa Alhaji kafaɗa. Alhaji ya zube rim, hula ta yi nata wuri.

Kallamu ya fito yana ɗingishi yana salati.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, ƙanena ne, ba shi da..."

Alhaji ya tashi zaune yana haki. "Kai, ba ka ce a shirya ba! Haka ake yi a garinku?" Ya miƙe, ya tuɓe babbar riga ya jefa wa sakatarensa, ya laluba ƙafarsa ta baya da ƙyar ya kama. "Rabona da wannan tun ina makarantar firamare. Zo nan, ɗan nema!"

Suka kara, Alhaji ya sake faɗuwa, wannan karon yana dariya har da hawaye. Jama'a suka bar sauran rumfuna suka kewaye su. Samari suka ajiye wayoyinsu suka kama ƙafafu, har 'yan Gidan Tsamiya suka shigo neman ramuwa. Ƙura ta tashi irin wadda Kallamu ya yi zaton ba zai sake gani ba.

Alhaji Barmo, yana kakkaɓe wando, ya ce wa sakatare, "Wannan ƙungiya a bar ta yadda take. Matacciya ba ta kayar da mutum haka."

Kallamu ya kama hannun ƙanensa zai yi masa godiya, amma Nomau ya zame, ya sake riƙe ƙafa, idonsa a kan sauran 'yan kwamiti da suka fara ja da baya.

"Dakata, Yaya. Waɗancan ban nuna musu ba tukuna."